Tankin Dama da Tankin Hagu: Bin Sawun Nakasar Fiffike a 'Ya'yan Kifin Anjel

4 ga Janairu

Sau biyu ke nan a jere ina renon 'ya'yan kifin anjel har su kai faɗin farcen babban yatsa, sai in ga da yawansu sun fito da nakasa a fiffike. Wani fiffiken doronsa ya kwanta baya kamar an taka shi. Na wani ya tashi tsaye, sai a tsakiya ya yi gwiwa. Waɗanda suka fi ci mini rai su ne masu rashin zaren ciki, wato dogayen siraran fikafikan nan biyu da ke saukowa daga ƙirji. Wani ɗaya gare shi, wani ko ɗaya babu, wurin sumul kamar ba a taɓa nufin wani abu ya tsiro a nan ba. Duk wanda ya san anjel ya san adonsa a fiffike yake. Kifi ne ɗan asalin kogunan Amazon a Kudancin Amurka, siriri ta gaba, mai tsayi sama da ƙasa, kuma da waɗannan fikafikai yake tsayawa cak a ruwa yana juyawa a hankali tsakanin ciyayi da saiwoyi.

Iyayen ba su da aibu ko kaɗan. Amma duk wanda na nuna wa hotunan 'ya'yan, amsa ɗaya ce: jini ne, canza namijin. Ban ce gado ba ya kawo nakasa ba. Yana kawowa, musamman idan an daɗe ana haɗa 'yan gida ɗaya. Abin da ya hana ni karɓar amsar shi ne ƙyanƙyasar farko ta waɗannan iyaye. A lokacin sun cinye yawancin ƙwan, 'ya'ya 30 da 'yan kai kawai suka tsira, suka tashi su kaɗai a babban tanki, kuma ban ga lanƙwasa ko a ɗaya ba. Sai da na fara kwashe ƙwan ina ƙyanƙyashe shi da kaina, 'ya'ya suka haura 200 a tanki ɗaya, sannan nakasa ta ɓullo. Iyayen dai su ne. Yawan bakin da ke ci da yawan kashin da ke zuba a ruwa ne suka ƙaru.

Don haka ƙyanƙyasa ta gaba zan raba ta biyu daidai. Na tanadi tanki biyu masu cin lita 60 kowanne, gilashi zalla a ƙasa babu tsakuwa, hita iri ɗaya, matatar soso iri ɗaya. Sosunan sun yi mako shida suna aiki a tankin iyayen, domin ƙwayoyin bakteriya masu tace ruwa sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu sosai. Tankin hagu zai samu kulawar da na saba yi a da: a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu a mako. Tankin dama kuwa kullum za a canza rabin ruwan, a zuƙe dattin ƙasa safe da yamma, a goge gilashin ƙasan da soso mai tsabta. Abinci ɗaya, lokaci ɗaya, zafi ɗaya.

Ban ji daɗin sanin cewa zan sa rabin 'ya'yan a kulawar da nake zargi ba. Na ɗaukar wa kaina alkawari: ranar da na ga ruwan hagu ya kai matakin cutarwa a fili, gwajin ya ƙare.

11 ga Janairu

Iyayen sun yi ƙwai da yamma a kan faifan dutsen da na jingina musu. Kwana biyu suka yi suna goge shi da baki. Macen ta riƙa bi tana jera ƙwan layi-layi daga ƙasa zuwa sama, namijin yana biye da ita. Bayan sun gama da awa biyu na ɗauke faifan zuwa ƙaramin tulun gilashi, na sa tiyon iska kusa da shi yadda kumfa zai riƙa motsa ruwan ba tare da ya taɓa ƙwan ba, kamar yadda iyayen ke yi musu fifita da fikafikan gefe. Na ɗiga maganin shuɗin nan, metilin bulu, don hana fumfuna. A tulu kaɗai nake amfani da shi, domin yana kashe bakteriyan matata. Zafin ruwa digiri 27.

14 ga Janairu

Sun ƙyanƙyashe da safe, wajen awa 60 bayan an yi su. Ƙwai 20 ko sama da haka sun yi fari, na tsince su da abin ɗiga magani. Sauran suna rataye da kai a jikin dutsen da wani siririn zare mai danƙo, sai kaɗa wutsiya suke yi ba hutawa. Ba sa cin komai yanzu, gwaiduwar da ke cikinsu ce abincinsu. Na fara canza rabin ruwan tulun kullum don shuɗin ya fita kafin su tashi, wato su fara iyo da kansu.

Na duba ɗaya da gilashin ƙara girma. Babu fiffiken doro, babu na ƙasa, babu zaren ciki. Wata siririyar fata ce mai haske ta zagaye jikin tun daga baya, ta bi ta wutsiya, ta dawo ciki. Duk fikafikan da nake damuwa da su nan gaba za a gina su, a cikin ruwan da ni zan ba su.

19 ga Janairu

Sun tashi. Da safe na tarar da su dunƙule a tsakiyar tulun kamar hayaƙi. Na ƙirga su da ƙaramin kofi, goma-goma, ina zuba kofi ɗaya dama, ɗaya hagu, don kada masu ƙarfin da suka fi wuyar kamu su taru a gefe guda. Kowane tanki ya samu 120.

Abincinsu atimiya ce, 'ya'yan wani ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansa. Ina zuba gishiri wajen giram 25 a litar ruwa, in sa ƙwan, in kunna iska, cikin awa 24 sun fashe. Ana tacewa, a ɗauraye da ruwan daɗi, sannan a ba kifi. Idan jariri ya ci, cikinsa yakan yi ja-ja kamar ruwan lemo, da haka ake gane wanda ya ƙoshi. Sau uku a rana, ɗigo iri ɗaya a kowane tanki.

Wani abu game da atimiya da ban ba shi muhimmanci a da ba: ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Wadda ba a ci ba takan mutu cikin 'yan awoyi, ta sauka ƙasa ta ruɓe. A tanki mai tsakuwa ba za ka gani ba. A kan gilashi kuwa, yau da yamma na ga ta yi layi ja a kusurwa. A dama na zuƙe ta da siririn tiyo, na duba bokitin da fitila na maido jarirai uku da suka bi ruwa. A hagu na bar ta sai ranar canji.

23 ga Janairu

Gwajin ruwa na farko da ya nuna bambanci. Amoniya daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci take fitowa, bakteriyan matata su juya ta zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret, duka kuma da miligiram a lita ake auna su. Dama: amoniya babu, naitirait babu, naitiret ƙasa da miligiram 10 a lita. Hagu: amoniya 0.5, naitirait babu, naitiret 10. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa (idan ya yi ƙasa ruwa ya fi tsami), 7.6 a duka biyun.

Wannan 0.5 ɗin na buƙatar bayani, domin na daɗe ina karanta shi ba daidai ba. Amoniya a ruwa iri biyu ce, kuma kayan gwajin da yawancinmu ke amfani da su jimillar biyun suke nunawa. Akwai amoniyam, mai sauƙin illa, akwai kuma tsagwaron amoniya, wadda ke ratsa fatar wurin numfashin kifi ta shiga jini. Rabon da ke tsakaninsu pH da zafi ne ke yanke shi. A digiri 27, idan pH 7 ne, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 7.6 ta kai wajen kashi 2.5. A pH 8 ta haura kashi 6. Kusan ninki goma ke nan duk hawa ɗaya na pH. Ke nan 0.5 a tankina yana nufin mai dafin ta ɗan wuce 0.01, alhali iyakar da aka saba ambata don zama na dogon lokaci ita ce 0.02. Ban kai ba, amma na wuce rabin hanya tun a kwana na huɗu, da jarirai da ko tsawon ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Kuma wannan iyaka ba a yanka ta don halittar da ake kan gina ƙasusuwanta ba.

Na kuma gwada ruwan da nake zubawa, abin da ban taɓa yi ba. Ya nuna amoniya 0.25 bayan na sa maganin kashe kulorin. Alamar ruwan famfon yana da kuloramin ke nan, wato kulorin haɗe da amoniya. Shi ba ya tashi don an ajiye ruwa ya kwana, kuma maganin da nake da shi kulorin ɗin kawai yake karyawa, ya bar amoniyar a sake. Daga yau ruwan canji zai kwana a duro da hita da tsohuwar matatar soso kafin ya shiga kowane tanki.

28 ga Janairu

Jiya da dare, awa biyu bayan kashe fitila, na leƙa su da ƙaramar tocila. Abin da na gani ya sa na daɗe a tsugune. Duk sun sauko ƙasa. Da rana a tsakiyar ruwa suke yawo, da dare kuwa kwanciya suke yi dab da gilashi, wasu ma cikinsu na taɓa shi, sun taru a kusurwoyin da ruwa ba ya motsi sosai, daidai inda datti ke taruwa.

Da safe na sa yatsa na shafa ƙasan tankin hagu. Santsi, yauƙi mai kauri, har yana kama fata. Na wanke hannu na shafa na dama, gilashin sai ƙara yake yi. Ruwan hagu kuwa a ido garau yake, amoniyarsa ma ta sauka zuwa 0.25 domin matatar ta fara cim mata. Da gwaji kaɗai zan bi, da na ce lafiya lau.

Nan ne hankalina ya fi karkata yanzu. Ruwan da nake ɗiba in gwada daga sama nake ɗibarsa. Jaririn kuwa awa goma yake yi kowane dare a cikin siririn shimfiɗin da ke kan gilashi, inda kashi da mataccen abinci ke ruɓewa, bakteriya sun yi dandazo, iskar oksijin ta fi ƙaranci. Kuma a yawancin kifaye fikafikan ciki su ne na ƙarshen fitowa. Sukan fara ne da wani ɗan tsiro mai laushi a ƙarƙashin ciki, wurin da ke gogar ƙasa idan jariri ya kwanta. Idan wannan tsiro ya lalace tun yana toho, babu tushen da zai sake fitar da fiffike. Masu kiwon beta, wani kifin ado, sun daɗe suna danganta rashin fikafikan ciki da dattin ƙasan tanki, domin jariran beta ma masu zaman ƙasa ne. Kayan gwajina amoniya da naitirait da naitiret da pH suke aunawa, ba sa auna yauƙi. Yatsa ne ya nuna mini shi.

3 ga Fabrairu

Kwana 15 da tashi. Siffar anjel ta fara bayyana: jiki ya fara faɗi, fiffiken doro da na ƙasa sun fara miƙewa kamar ƙananan tutoci. Da gilashin ƙara girma ana ganin siraran ƙasusuwan da ke riƙe da su. A dama yawancinsu an fara ganin farin tsiro biyu a ƙirji. A hagu sun fi ƙanƙanta, kuma girmansu ya rarrabu sosai, wasu sun ninka wasu. Na ga da yawa suna tafiya da fikafikai a tsuke, ba su buɗe su ba. Wannan ma abin dubawa ne, domin a zatona ƙashin da ke taurara yayin da fiffike yake a naɗe da wuya ya miƙe daga baya.

Mutuwa zuwa yau: dama 11, hagu 23. Naitiret: dama 10, hagu 40.

7 ga Fabrairu

Na tsayar da gwajin.

Da safe 'ya'yan hagu ba su taso wa abinci ba. Sun yi duhu, suna numfashi da sauri, shida sun mutu cikin dare. Na gwada: pH ya faɗi zuwa 6.0, amoniya 2. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin wannan tsamin a bayyane yake da na zauna na yi lissafi. Bakteriyan da ke juya amoniya zuwa naitirait, da waɗanda ke juya naitirait zuwa naitiret, suna cin sinadarin kabonet ɗin da ke riƙe da pH. Kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya yana cinye wajen miligiram 7 na wannan kariya. Ruwana tun asali mai laushi ne, ma'aunin KH, wato na yawan kabonet, digiri 3 kacal, wato wajen miligiram 54 a lita. Jarirai sun girma, ci ya ninka, canjin kashi ɗaya cikin huɗu sau biyu a mako bai isa ya maido abin da ake cinyewa ba. Da kabonet ya ƙare sai pH ya rufta. Da pH ya rufta sai bakteriyan suka kusa tsayawa, domin ba sa aiki sosai a ruwa mai tsami haka. Sai amoniya ta taru.

Zuciyata ta ce in zubar da ruwan duka in zuba sabo. Da na yi haka da na ƙarasa su. A pH 6 kusan duk amoniyar nan ta koma mai sauƙin illa, tsamin ne ma yake kare su daga gare ta. Zuba ruwa mai pH 7.6 da yawa lokaci ɗaya zai ɗaga pH ɗin, ragowar amoniyar ta juye mai dafi, ga kuma girgizar sauyin da jikinsu ba zai ɗauka ba. Don haka na riƙa canza kashi ɗaya cikin goma duk bayan awa biyu, sabon ruwan yana shiga ɗigo-ɗigo ta tiyon iska da na ƙulle. Ban ba su abinci ba yini guda. Zuwa dare pH 6.8, amoniya 0.5, sun fara buɗe fikafikai.

Daga gobe hagu zai samu irin kulawar dama. Kwana 19 ya yi a tsohon tsari.

10 ga Fabrairu

Naitirait ya ɗaga zuwa 0.5 a hagu yayin da matatar ke farfaɗowa. Shi ta wurin numfashi yake shiga, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar oksijin. Na sa gishiri rabin giram a kowace lita, domin kuloraid ɗin gishiri ta ƙofa ɗaya yake shiga da naitirait, yana tare masa hanya. Na kuma rataya ɗan garin murjani a cikin ƙyalle a duron ruwa don ƙara kabonet a hankali.

16 ga Fabrairu

Ranar ƙirga, mako huɗu da tashi. Na kama su ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin akwatin gilashi, na duba ta gefe da ta gaba. Aikin ya cinye yini.

Dama: 104 suna raye. Masu nakasar fiffike 7, biyar lanƙwasar doro ce mara tsanani, biyu kuma zaren ciki ɗaya ya fi ɗaya gajarta. Babu ko ɗaya da ya rasa zare.

Hagu: 81 suna raye. Masu nakasar fiffike 34. A cikinsu 19 sun rasa zaren ciki ɗaya ko biyu, 11 doro ko fiffiken ƙasa ya lanƙwashe, huɗu wutsiya ta karkace.

Uwa ɗaya, uba ɗaya, ƙwai na dare ɗaya. Na zauna ina kallon takardar, ina tuna ƙyanƙyasa biyun baya da na yi ta zargin namijin nan har na kusa rabuwa da shi.

Sai dai ba zan ɗora wa lambobin nan abin da ba su ɗauka ba. Ƙyanƙyasa ɗaya ce, tanki biyu ne. Kuma abubuwa da yawa na canza tare: yawan sabon ruwa, zuƙe datti, goge gilashi, ga ruftawar pH a hagu. Abin da na gani shi ne kulawar ruwa ta yi tasiri babba. Wanne daga cikin waɗannan ya fi nauyi, wannan aikin gwaji na gaba ne. Abu ɗaya da ya ƙarfafa zatona a kan yauƙi shi ne tun ranar 3 ga wata, kwana huɗu kafin pH ya faɗi, na riga na ga ƙarancin tsiron ƙirji a hagu.

23 ga Fabrairu

Akwai wata nakasa da ban sa a lissafin fiffike ba, kuma ita ba ta bi tsarin dama da hagu ba. Murfin kunne ne, wato ƙashin da ke rufe wurin numfashi. A wasu ya gajarta, har ana hango jan naman ciki. Dama 9, hagu 8. Tsabtar ruwa ba ta rage ta ba ko kaɗan.

Na kai hotunan wurin wani dattijo da ya fi ni daɗewa a kiwon anjel da shekaru masu yawa. Ya duba takardar ƙirgata a natse, ya ce, "Ɗana, maganar zaren ciki na yarda, ruwa ne. Amma bakwai ɗin nan na tanki mai tsabta fa? Kada murna ta sa ka manta da su." Na ce, "Baba, ai ko a hannunka ba a rasa irinsu." Ya ce ba a rasawa, shi ya sa ba ya haɗa wa da ƙanwa fiye da zuriya ɗaya ba tare da ya shigo da baƙon jini ba. Gaskiyarsa ce. Gyaran ruwa ya kawar da mafi yawan matsalar, ragowar kuma na iya zama na gado.

Game da murfin kunne sai ya tambaye ni yaushe na buɗe gwangwanin garin abincin da na fara haɗa musu a mako na uku. Ya fi shekara. Yawancin kifaye ba sa iya haɗa bitamin C a jikinsu, sai daga abinci, kuma da shi ake gina guringuntsi da ƙashi. Rashinsa sananne ne wajen kawo gajeren murfin kunne da karkacewar ƙashin baya. Shi kuwa bitamin C zafi da danshi da daɗewa suna lalata shi a cikin abinci. Ban da haka, atimiyar da na ƙyanƙyashe sau ɗaya nakan yi kwana biyu ina ba su, alhali amfaninta a awoyin farko yake, kafin ta cinye gwaiduwarta. Tankunan biyu daga cokali ɗaya suka ci, shi ya sa adadin ya zo kusan ɗaya. Na zubar da tsohon garin, na sayi ƙaramin gwangwani na ajiye a firji, na kuma kafa kwalabe biyu na atimiya, ɗaya na safe ɗaya na yamma.

2 ga Maris

Na mayar da su manyan tankuna masu zurfin santimita 45, domin anjel sama da ƙasa yake girma, kuma cunkoso ya fara sa su cizon juna. Wannan ya ba ni damar ganin bambancin rauni da nakasa. Uku da aka gutsure wa bakin wutsiya makon jiya, yau wata farar fata mai haske ta tsiro a wurin, ƙasusuwan suna biyo ta. Muddin tushen yana nan, fiffike yana sake fitowa. Su kuwa 19 ɗin nan masu rashin zaren ciki, mako uku ke nan suna cikin ruwa mai kyau, ƙirjinsu yana nan sumul. Masu gwiwa a doro ma gwiwar girma take yi tare da su. Biyu daga masu ƙaramar lanƙwasa a dama sun ɗan miƙe.

Ke nan lokacin da abin ke faruwa gajere ne, daga tashi zuwa wajen mako na uku ko na huɗu. Ni kuwa a da sai a mako na shida nake ganin nakasar, in tashi da canjin ruwa babu ƙaƙƙautawa, ina gyara ruwan da ya riga ya gama ɓarnarsa wata guda baya.

9 ga Maris

Yau na yi aikin da nake ta ɗagawa. Huɗun nan masu karkatacciyar wutsiya da wasu biyu masu gajeren murfin kunne a ɓangarorin biyu ba sa iya kai wa abinci, sun rame, 'yan uwansu na tsangwamarsu. Na kaɗa man kanumfari a ruwan ɗumi har ya yi fari, na riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan a kwanon da suke ciki har suka yi barci, sannan na ƙara. Na bar su rabin awa bayan numfashi ya tsaya. Ban ji sauƙin abin ba, musamman da na san huɗu daga cikinsu tsarin da na zaɓa musu ne ya jawo.

Sauran masu nakasa suna ci, suna iyo, suna girma. Rashin zaren ciki bai hana su komai ba sai kyan gani. Na ware musu tanki nasu, za su zauna a wurina ko wurin wanda ya san halinsu ya karɓa. Ba zan sa su cikin masu haihuwa ba, ko da yake na yi imanin nakasar yawancinsu ba ta gado ba ce, domin da ido ba zan iya raba wanda ruwa ya ɓata da wanda ya gada ba.

17 ga Maris

Iyayen sun sake yin ƙwai jiya da yamma, sun fi na wancan karo yawa. Wannan karon tankunan biyu za su samu canjin rabin ruwa kullum daga duro ɗaya, da sabuwar atimiya safe da yamma, da gwajin KH duk bayan kwana biyu. 'Ya'ya 80 kawai zan sa a kowanne, ragowar su tafi tanki na uku. Bambanci ɗaya zan bari: a dama zan zuƙe datti in goge gilashin ƙasa, a hagu zan ɗebi ruwan canji daga sama in zuƙe abin da ido ke gani kawai, ba gogewa. Kowane dare zan shafa ƙasan da yatsa in rubuta abin da na ji, kuma zan fara duba tsiron ƙirji tun kwana na goma.

Na musanya sosunan matata tsakanin tankunan, na kuma sauya musu wuri, wanda yake kusa da taga ya koma ciki. Idan zafi ya tsaya a 27, jibi da safe za su ƙyanƙyashe.